Lambar Tagulla A Wuyan Baba

Shafi na 19

Masu zagin Shafa'atu a ƙarƙashin shafin jiya, duk na ga saƙonninku. Ku dai sassauta mata. In da mahaifinku ne ya zo London neman maganin ido, wata baƙuwa ta fara janye shi gefe tana yi masa raɗa, na rantse da kun yi abin da ya fi nata. Bismillah.

* * *

Shafa'atu ta bari sai da matar ta shigo tsakiyar falo, sannan ta murɗa makullin ƙofar sau biyu, ta zare shi ta jefa a aljihun rigar sanyinta.

"Babu mai fita daga flat ɗin nan sai na ji bayani."

Da Hausa ta faɗa, ta kuma maimaita da Turanci saboda baƙuwar.

Mahaifinta, Baba Nata'ala, yana zaune a bakin kujera ya shirya tsaf. Babbar riga, kwat a kanta, hula, har da safa biyu-biyu. Mutumin da kullum sai an kai ruwa rana kafin ya yarda ya sa takalmi sau ciki, yau shi ya ɗaure abinsa da kansa tun kafin azahar.

"Ke wannan," ya ce, "buɗe ƙofar nan."

"Baba ka yi haƙuri."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya da kwata."

Ya juya fuskarsa wajen taga ya ƙura mata ido ɗayan da ya rage masa.

Kar ku manta, na hagun ya mutu tun bara, shi ya sa ma ya ajiye aikinsa na sitashan masta a Funtuwa. Na daman kuma yanar ido ce ta rufe shi, ba ya ganin fuskar mutum sai da hasken rana, shi ma sai ya matso kusa. Fitilar lantarki ba ta yi masa komai sai ƙara masa hazo. Gobe Alhamis ƙarfe takwas na safe za a yi masa aiki, kuma likita bai ɓoye musu ba: ko idon ya buɗe, ko ya rufe gaba ɗaya. Ga shi Disamba ce ta 1976, lokacin da ranar London ke tattara kayanta kafin ƙarfe huɗu.

Baƙuwar tana tsaye ta rungume jakarta a ƙirji. Sunanta Nasim, Ba'indiya ce siririya da za ta yi shekara arba'in, ita ke rubuta sunayen marasa lafiya a asibitin idon da ke bayan layinsu a Marylebone. Ba ta jin Hausa, don haka duk abin da za ku ji ta faɗa da Turanci ta faɗe shi, ni ce na juya muku.

Shafa'atu ta zaro wata 'yar takarda ta ɗaga.

"Wannan a aljihun Baba na same ta. Adireshi ne na Tottenham. Rubutunki ne?"

"Nawa ne."

"Sau biyu Scholastica, nas ɗin da ke benenmu na sama, ta gan ku a shagon shayi. Ta ce hannunsa kika riƙe kina kuka. Ƙarya ta yi?"

"Ba ta yi ƙarya ba."

"To me kike nema a wurin tsoho marar lafiya?"

Ni dai a nan ban ga laifin Shafa'atu ba. Tun da man fetur ya ɓarke a gida, duk wanda ya hango babbar riga a Oxford Street sai ya tuna yana da ɗan'uwa a Najeriya. Ko watan jiya an ja wani Alhaji ɗan Kano zuwa wani ɗaki da sunan zumunci, ya fito ba agogo ba fasfo. Ga mijinta Lawal ya tafi Dagenham duba motocin da ma'aikatarsu za ta saya, ba namiji a gidan.

Nasim ta kalli Baba.

"Ba ka gaya mata ba?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Gaya mini me?" in ji Shafa'atu. "Baba, gaya mini me?"

"Ubana zan je gani."



"Wane uban?"

"Wanda ya haife ni. Uba nawa gare ni?"

"Baba, kai da bakinka ka ce mana kakanmu Buzu ne daga Agadas, ya rasu kana goye."

"Ƙarya na yi muku."

Shafa'atu ta nemi hannun kujera ta zauna. Shekararta talatin da ɗaya ba ta taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakin Baba a kan kansa ba.

"Sunansa Fazal Din," ya ce. "'Yan loko na Zariya, wato masu gyaran jiragen ƙasa, suna ce masa Fazalu Ba'indiye. Makanikin injin jirgi ne. Ina shekara biyar aka tafi da shi. Yaran unguwa suka sa ni gaba da waƙa, ɗan leburan Turawa, an yar da kai an hau jirgi. Da muka koma garin su Inna sai ta ce mu ce Buzu ne. Na girma a haka, na haife ku a haka."

"Kuma wai yana raye?"

"Yana Tottenham," in ji Nasim, don ta ji sunan mahaifinta ta gane inda maganar ta kai. "Bene na bakwai. Shekararsa saba'in da takwas. Shi ya haife ni."

Shafa'atu ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da alaƙa da farin ciki.

"Ikon Allah. Mutum ya ɓace shekara arba'in da tara, sai da Najeriya ta samu mai sannan ya ɓullo a Tottenham. Zauna, Madam. Ba ni labari, ina ji."

"Lokaci yana tafiya," Nasim ta ce a hankali. "Idonsa..."

"Idon ubana ne, na fi ki sanin halin da yake ciki. Zauna."

Ta zauna a gefen kujera ba ta ko cire kwat ba.

"Yana shekara goma sha tara wani ɗan kamasho ya zo ƙauyensu a Panjab da mai ganga. Ya ce Turawa na neman masu aikin ƙarfe a bayan teku, shekara biyar, abinci da ɗaki kyauta. A shekarar ruwa bai sauka ba. Aka shafa masa tawada ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba."

"Sai kuma?"

"Ya ɗauka Mombasa za a kai shi, inda kawunsa ya yi aikin dogo. Sai da jirgin ruwa ya tsaya aka ce musu nan Ikko ne. Daga nan aka loda su zuwa Zariya. Bariki uku ne a loko: na Turawa, na Indiyawa, na 'yan ƙasa. An hana su cuɗanya. Amma masallaci ɗaya ne, kuma a bakin ƙofar loko akwai mai sayar da tuwo."

"Inna," in ji Baba.

"Mero," in ji Nasim.

Shafa'atu ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Baba, sunan Inna, kai ka fara faɗa mata ko ita ta fara faɗa maka?"

Baba ya kawar da kai.

"Baba?"

"Ina jin... ni na fara faɗa."

"Yawwa. Ci gaba, Madam."

Fuskar Nasim ta yi ja, amma ta daure.

"Ya sake dangwala yatsa na wata shekara biyar saboda ita. Da ta cika, Baturen loko ya ce kwangila ta ƙare, ga tikitin komawa. Na mutum ɗaya. Mahaifina ya ce yana da mata da ɗa. Baturen ya buɗe takardar ya nuna masa, ya ce mutum ɗaya aka ɗauko daga Indiya, mutum ɗaya za a mayar. Ya ce to a bar shi ya zauna. Aka ce babu izini. Da safe 'yan sanda biyu suka raka shi tasha."

Baba ya cusa hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo wata igiyar fata. A jikinta akwai wata 'yar tagulla mai faɗin sule, ta sha hannu har ta yi santsi. Shafa'atu ta san ta tun tana yarinya, ta ɗauka laya ce.

"Lambar loko ce," ya ce. "Kowane ma'aikaci da tasa. Da safe ka cire ta daga allo, in an tashi ka mayar ka rataye. Muddin ba ka mayar ba, a wurinsu ba ka tashi aiki ba. Ranar da za a tafi da shi bai mayar ba. A wuyana ya rataye ta. Ya ce wa Inna, ban tashi ba tukuna, ina dawowa."

"Ɗari huɗu da goma sha biyu," in ji Nasim.

"Kin gan ta ranar da ya cire riga za a auna shi," in ji Shafa'atu. "Ina wurin. Na ga irin kallon da kika yi mata."

"Na gan ta, ban musa ba. Amma tun ina ƙarama nake jin lambar nan."

"Wa zai shaida?"

Shafa'atu ba ta jira amsa ba, ta ɗora.

"Zariya kuma tana cikin file ɗinsa. Shekarar haihuwarsa tana ciki. Aikinsa na reluwe yana ciki. Kuma file ɗin a hannun wa yake kwana?"

"A hannuna."

"To. Me ya hana mai lambar dawowa?"

"Ba a ba shi hanya ba. Ya nemi a sake ɗaukarsa Najeriya aka ce an rufe. Sai ya dangwala yatsa na Uganda, wai ai duk Afirka ce, zai samu hanyar ƙarasawa. Bai san nisan ba. Ya sa an rubuta wasiƙu zuwa loko, suka dawo. A Jinja ya auri mahaifiyata. Shekara huɗu da suka wuce sojoji suka kore mu, kowa da akwati ɗaya."

"Hotonsa yana saurayi fa? Takardar kwangilar fa?"

"An karɓe a filin jirgi."

"An karɓe," Shafa'atu ta maimaita tana gyaɗa kai. "Kowa aka tambaya shaida sai ya ce sojoji sun karɓe."

"Ke wannan, ƙarfe nawa?"

"Biyu saura biyar, Baba."

Ta tashi ta nufi wayar tarho. Sau uku tana juya lambar ofishin da Lawal ya bar mata, sau uku ana ce mata yana cikin yadin motoci, a jira. Ta jira. Wallahi ina rubutawa raina yana ɓaci, domin minti ashirin cur ta ƙone tana riƙe da kan waya, Baba kuwa bai ɗauke fuskarsa daga taga ba.

Ta ajiye wayar.

"Baba mu jira Lawal. Ƙarfe shida zai dawo, sai ya kai ka da mota, ya ga wurin da idonsa."

"Shida a garin nan dare ne. Shi zai gani da idonsa, ni da me zan gani?"

"To bayan an yi aikin."

"In aikin bai yi ba fa?"

"Zai yi in sha Allahu."

"In sha Allahu. Amma kina wurin likita ya yi magana." Ya juyo wajenta. "Ban san fuskarsa ba. Na tuna warin baƙin mai a hannunsa, na tuna rawani. Fuskar ce babu. Shekara arba'in da tara ina nemanta a kaina. Yau ɗaya nake da tabbacin ido, ke kuma kin sa makulli a aljihu."

Maganar ta soke ta, amma Shafa'atu akwai taurin kai, gadonsa ta yi.

"In kuma ka je ka tarar da wani tsohon da aka koya wa labari fa? Ka ƙare ganinka na ƙarshe a kan fuskar maƙaryaci? Baba ba zan yafe wa kaina ba."

Ta juya kan Nasim, ta tsaya a gabanta ta riƙe ƙugu.

"Tambaya ɗaya. Ki ba ni abu ɗaya tak da babu shi a file, kuma Baba bai gaya miki a shagon shayi ba."

Nasim ta gyara riƙon jakarta.

"Babu ko? To bari in sauƙaƙa miki. Mahaifinki da kika ce ya shekara hamsin yana begen ɗansa, in zai yi maganarsa, wane suna yake kiransa?"

Tarko ne. A file an rubuta Nata'ala, amma sunan yanka na Baba Almu ne, kuma babu wanda ya san shi a duk London sai ita da Lawal. In matar ta ce Nata'ala, ta kama kanta, don laƙabi ne da aka sa masa bayan sun bar Zariya.

Nasim ta ɗago ta dube ta.

"Ban sani ba."

"Me kika ce?"

"Ban san sunan ba. Bai taɓa faɗa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Yana faɗin Mero. Yana faɗin sunan limamin loko, da na mai gadin ƙofa, har da na Baturen da ya kore shi. Amma yaron, sai dai ya ce wancan na Zariya. Muna yara mun sha tambayarsa. Mahaifiyata ta yi fushi da shi a kan haka. In aka matsa masa sai ya sunkuyar da kai ya kama sosa kunne, ya tashi ya fita."

Shafa'atu ta tafa hannu ta juya wurin mahaifinta.

"Ka ji ko, Baba? Ka ji da kunnenka? Uban da ya san sunan mai gadi amma bai san sunan ɗansa ba! Abin da ba su samu a takarda ba ke nan, shi ya sa ya gagare su. Madam, tashi ki..."

Ba ta ƙarasa ba. Baba ya rufe fuskarsa da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza.

"Baba? Baba ka yi haƙuri, gara da ka sani yanzu..."

Ya sauke hannun. Hawaye ne shaɓe-shaɓe har gemu, amma ba irin kukan da ta zata ba ne.

"Ke wannan. Shekararki nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Kin taɓa jin na kira sunanki?"

Bai jira ta amsa ba.

"Ƙannenki bakwai, kowa ina kiransa da sunansa. Ke fa?"

 Ita ce 'yar fari. Tun tasowarta ke wannan take ji, ko yarinyar nan, har ta daina lura. Kowa ya san Bahaushe na kunyar ɗan fari, ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ita ma ta sani sarai. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne a samu wannan kunyar a bakin Ba'indiye.

"Inna ta gaya mini," in ji Baba. "Ranar sunana dattawan unguwa suka zaunar da shi suka ce, tunda ka auri 'yarmu, ga yadda muke yi da ɗan fari. Sun faɗa ne rabi da wasa. Shi kuwa ya riƙe abin da hannu biyu, don kar a ce baƙo ne bai san ya kamata ba. Inna ta ce har Hausawan ma ya fi su. Shekara biyar muna gida ɗaya bai kama sunana ba." Ya share fuska. "Wannan babu shi a file. Ni ma ban gaya wa kowa ba."

Nasim tana ta kallon bakinsu ba ta fahimta. Baba ya juya mata maganar da Turanci. Tun bai gama ba ta dafe baki.

"Ba lambar ce ta tabbatar mini ba," ta ce. "Lamba kowa na iya tsinta. Ranar farko da na ce ya ba ni sunan 'yarsa in rubuta, sai ya sunkuyar da kai ya kama sosa kunne, mijinki ne ya faɗa. Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Ban san al'ada ba ce. Na dai san a duniya mutum ɗaya na taɓa gani yana haka."

Shafa'atu ta tuna ranar. Ita ce ma ta tsinto mata alƙalamin.

Ta ɗaga kai ta kalli agogo.

Uku saura minti biyar.

"Innalillahi!"

Makullin ya ƙi shiga, sai da Nasim ta karɓa ta buɗe, ta mayar mata da shi.

* * *

Taksi suka tara, don Baba ba zai iya matattakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Kun san hanyar Tottenham da yamma. Bas a gaba, bas a baya, kowace danja sai ta tsayar da su. Shafa'atu ta ce wa direban ya yi sauri har sau huɗu, a na biyar ya ce mata motarsa ba ta da fiffike.

Baba ya manna goshinsa a gilashi yana kallon sama. Gajimare ya haɗu, hasken ya fara komawa ruwan toka.

Babu wanda ya ce mata komai. Da ma zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi.

Huɗu saura ashirin suka sauka a gindin wani dogon bene na gidajen gwamnati. Nasim ta danna lif. Ta sake dannawa. Sai a lokacin suka ga kwalin da aka liƙa a jiki, ya lalace.

"Bene na nawa kika ce?"

"Na bakwai."

Baba ya tattare babbar rigarsa ya kama ƙarfen matattakala. A na uku ya tsaya yana haki. A na biyar gwiwarsa ta sare, suka riƙe shi ta kowane gefe, Shafa'atu a dama Nasim a hagu.

"Gwaggo, riƙe shi da kyau," in ji Shafa'atu. Da Hausa ta faɗa, ba ta ma san ta faɗa ba.

Ɗakin ƙarami ne, yana ƙamshin man zafi da shayi mai citta. Gado ɗaya a jikin bango, taga ɗaya a gefensa, labulenta a ɗage. A kan gadon wani tsoho ne zaune an jingina shi da matasai, da farar hula da farin gemu, ya sa riga mai guga kamar mai jiran Idi. Tun jiya Nasim ta gaya masa, tun safe yake zaune a haka.

Shafa'atu ta ƙura masa ido. Hancin Baba ne. Goshin Baba ne. Har yadda kunnen ya ɗan karkata.

Baba ya yi sallama ya durƙusa a bakin gadon.

Tsohon ya amsa. Idonsa ya sauka a kan tagullar da ke lilo a wuyan Baba.

Sai ya juya fuskarsa bango.

"An zo lafiya?" ya ce wa bangon, da wata tsohuwar Hausar Zazzau da ta yi tsatsa.

"Lafiya lau," in ji Baba.

"An... an ci abinci?"

"An ci."

"Madalla."

Ya kai hannu ya kama sosa kunne. Hawaye na bin gefen fuskarsa, amma bai juyo ba.

Nasim ta yi masa magana da yarensu, da alama roƙo take. Ya girgiza kai. Ta sake yi. Ya ƙara cusa fuskarsa jikin bango. Mutumin da ya riƙe kunyar nan shekara hamsin da huɗu a ƙasa huɗu, ba yau zai ƙura wa ɗan farinsa ido a gaban mutane ba.

Baba kuma ba zai ce wa mahaifinsa juyo in gan ka ba. Ya dai durƙusa yana miƙa wuya, ƙeya kawai yake iya hangowa.

Shafa'atu ta kalli taga. Fitilun titi sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Ta share hawayenta da gefen mayafi. In dai ya san kunyar ɗan fari, to ya san abin da ke tsakanin kaka da jika. Ta zo ta durƙusa daf da Baba, ta jera kanta da nasa, yadda duk wanda ya kalle ta dole ya kalle shi. Ta ɗaga murya.

"Kai tsoho! Haka ake karɓar amarya a garinku? Na taso tun daga Zariya ka juya mini ƙeya?"

Hannun tsohon ya tsaya a kan kunnensa.

"Wace ce wannan marar kunya?"

"Jikarka ce, matarka ta gaske. Juyo in gani ko ka yi mini. In haƙoranka sun zube yanzun nan in koma gidanmu."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohon, rabi tari rabi dariya.

"Ja'ira," ya ce. "Bakin Mero ne da ke."

"To juyo mana, angon ƙarya!"

A hankali, yana dafa matashi, Fazalu na loko ya juyo.

Baba ya matsa. Ya ƙara matsawa har numfashinsu na haɗuwa. Ya buɗe idon daman iya buɗewa, ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya goge idon da bakin hannun riga ya sake buɗewa.



"Ke wannan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Baba."

"A ɗaga labulen nan mana."

Shafa'atu ta kalli tagar. Labulen a ɗage yake tun shigowarsu, hasken ranar ne ya ƙare.

Hannunta ya faɗa aljihu ya ci karo da makullin flat ɗinta.

"Kin ɗaga?" in ji Baba.